Gishirin Teku Ya Shiga Rijiyoyin Bangaladash, Mata Ne Ke Ɗanɗana Kuɗarsa

A filinmu na yau za mu leƙa ƙasar Bangaladash, can maƙwabtan Indiya, domin mu duba wata matsala wadda ta shafi tulu da randa, watau aikinmu na kullum.

Uwargida, na san kin san ruwan zartsi. Kin san yadda sabulu ke ƙin yin kumfa a cikinsa, da yadda ya ke ɓata shayi, da yadda za ki sha moɗa guda amma ƙishirwa tana nan. A garuruwanmu idan rijiya ɗaya ta yi zartsi sai a koma wa ta maƙwabta. To, yi tunanin garin da rijiyarsa da tafkinsa da koginsa duk suka yi zartsi gaba ɗaya. Halin da mutanen bakin tekun Bangaladash ke ciki ke nan. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 20 ne gishiri ya taɓa ruwan shansu, kuma abin ya fi tsanani a lardunan Khulna da Satkhira da Bagerhat, a kudu maso yammacin ƙasar.

Abin mamaki shi ne Bangaladash ƙasar ruwa ce. Manyan koguna irin su Ganjis da Barahmaputra a cikinta su ke faɗawa teku, damina kuwa ba a magana, har ambaliya a ke yi kusan kowace shekara. To, yaya aka yi mace a irin wannan ƙasa ta ke saɓa tulu a kwankwaso ta yi tafiyar sa'o'i tana neman ruwan sha?

Yadda gishiri ke shiga rijiya

Ruwan rijiya ruwan sama ne wanda ya tsuma cikin ƙasa ya taru tsakanin yashi da tsakuwa. A bakin teku wannan ruwa mai garɗi yana maƙwabtaka da ruwan gishiri a can ƙarƙashin ƙasa. Ruwan teku ya fi shi nauyi, domin kowace lita ɗaya tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, watau cokalin shayi 6 ko 7. Sabo da haka ruwan daɗi ya kan zauna a sama, na gishiri ya kwanta a ƙarƙashinsa, kamar yadda man gyaɗa ke tasowa bisa ruwa a tukunya. Muddin ruwan daɗi yana da yawa, nauyinsa ya kan danne na gishiri ya tura shi wajen teku.

Wasu masana biyu, Badon Ghijben na ƙasar Holan da Herzberg na Jamus, su ne suka yi lissafin wannan abu fiye da shekara 120 da suka wuce. Sun gano cewa idan ruwan daɗi ya yi tsawon ƙafa 1 bisa bakin teku, to yana da zurfin ƙafa 40 a ƙarƙashi kafin a tarar da gishiri. Ki juya lissafin ki gani. Idan aka yi ta jan ruwa har ya sauka da ƙafa 1, gishirin ƙasa zai taso da ƙafa 40. Shi ya sa rijiyar da aka sha shekara da shekaru ta kan juye cikin rani ɗaya ko biyu. Kuma ba sai gishirin ya yi yawa ba. Bokiti 2 na ruwan teku sun isa su ɓata ɗanɗanon bokiti 100 na ruwan daɗi.

Mafi muni shi ne ɓarnar tana da wuyar gyara. Ruwan ƙarƙashin ƙasa tafiyar hawainiya ya ke yi. Gishirin da ya shiga cikin shekara biyu ya kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ruwan sama ya wanke shi, ko da an daina jan ruwan.

Wa ya buɗe wa teku ƙofa?

Yawancin labaran da mu ke ji suna ɗora laifin a kan ɗumamar duniya. Akwai gaskiya a ciki. Tsakanin 1901 da 2018 tekunan duniya sun ƙara cika da wajen santimita 20, watau inci 8, ga shi kuma yankin kudancin Bangaladash shimfiɗe ya ke kamar faifai. Har ila yau akwai tsohon gishiri wanda teku ta bari cikin ƙasar tun dubban shekaru, shi ya sa a wasu ƙauyuka ko an haƙa rijiya zartsi a ke tararwa tun asali. Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai tsaga uku waɗanda hannun ɗan Adam ya yi.

Ta farko ita ce madatsar ruwa ta Farakka, wadda Indiya ta gina a kan kogin Ganjis ta fara aiki da ita cikin 1975. Ba ta fi mil 11 daga kan iyakar Bangaladash ba. An gina ta ne domin a karkatar da ruwa zuwa kogin Hugli a wanke laka daga tashar jiragen ruwa ta Kalkata. Ruwan da aka karkatar kuwa shi ne a dā ke biyowa ta wani reshe mai suna Gorai ya sauko yankin Khulna, ya riƙa tura ruwan teku baya. Da ya ragu, sai bakin Gorai ya riƙa cushewa da yashi da rani, ruwan teku ya samu hanyar hawowa ta cikin koguna har can cikin ƙasa. Daga kogi kuwa gishiri ke tsuma cikin gonaki da tafkuna da rijiyoyi.

Ta biyu ita ce ganuwar ƙasa. Tun daga shekarun 1960 aka fara kewaye filayen bakin teku da ganuwa don kada ruwan gishiri ya shiga gonakin shinkafa. Kowane fili da aka kewaye ana ce masa folda, akwai 139, kowanne da lambarsa. Da farko abin ya yi amfani, shinkafa ta yi albarka. Amma ganuwar ta hana lakar da kogi ke kawowa kowace shekara ta zauna a filin, ƙasar ciki kuwa sai daɗa lotsawa ta ke yi. Wani bincike da aka buga cikin 2015 ya nuna Folda ta 32, a gundumar Dakop, ta yi ƙasa da mita 1 zuwa 1 da rabi idan aka gwada ta da dajin Sundarban da ke daura da ita, wanda ba a kewaye ba. Watau ƙauyukan sun zama kamar akushi. Abin da ya faru ran 25 ga watan Mayu 2009 ya isa misali: guguwar teku mai suna Aila ta fasa ganuwar, ruwan gishiri ya cika akushin, ya yi ta shiga yana fita har wajen shekara biyu kafin a toshe. Tafkunan da mata ke ɗiba duk suka lalace. Guguwar Amphan cikin 2020 da ta Remal cikin 2024 sun sāke fasa ganuwa a wurare da dama na wannan yanki.

Ta uku ita ce kiwon jatan lande. Cikin shekarun 1980 kasuwarsa ta buɗe a Turai da Amurka da Japan, har a Bangaladash a ke ce masa farin zinariya. Irin da aka fi saye kuwa a ruwan gishiri ya ke girma. Sai masu kuɗi suka riƙa karɓar hayar gonakin shinkafa, wani lokaci da yardar mai gona, wani lokaci da ƙarfin tsiya, suna huda ganuwar da aka gina don ta tsare gishiri, suna shigo da shi da hannunsu. Gonar da ta kwana wata da watanni cikin ruwan gishiri ta kan ɓata ta maƙwabta, ta kashe itatuwa da ciyawar shanu, gishirin kuma ya tsuma ƙasa. Hukumar binciken ƙasar noma ta Bangaladash ta ce filin da gishiri ya taɓa hekta 833,000 ne cikin 1973, amma cikin 2009 ya kai hekta 1,056,000.

Ki lura, 'yar'uwa, cikin waɗannan abubuwa uku babu wanda aka yi shawara da mai ɗaukar tulu. Na farko manyan gwamnatoci suka yanke, na biyu injiniyoyi, na uku 'yan kasuwa.

Abin da gishiri ke yi wa mai ciki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini, watau ƙasa da cokalin shayi ɗaya, duk da na cikin miya. Mu a nan idan likita ya ce ki rage gishiri, hannunki kawai za ki tsuke a bakin murhu. To, yaya wadda gishirinta a cikin randa ya ke?

Wata masaniya 'yar Bangaladash, Aneire Khan, tare da abokan aikinta na Kwalejin Imperial ta Landan, sun yi bincike a gundumar Dakop suka buga sakamakonsa cikin 2011. Sun auna mata masu ciki 343. Suka ƙiyasta cewa da rani mutanen wurin na iya shan gishiri giram 5 zuwa 16 a yini ta hanyar ruwan sha kaɗai, tun ba a zo ga abinci ba. Da suka duba littattafan asibiti kuma sai suka ga hawan jinin masu ciki ya fi yawa ƙwarai da rani, lokacin da zartsi ya fi ƙarfi. Cikin 2014 suka buga bincike na biyu, inda suka gwada mata 202 masu hawan jinin ciki da wasu 1,006 waɗanda ba su da shi. Nan ma aka ga gwargwadon gishirin ruwan da mace ke sha, gwargwadon haɗarin da ta ke ciki. Masu shan ruwan famfon tuƙa-tuƙa sun fi shiga haɗari, masu shan ruwan sama sun fi tsira.

Ba sai na gaya miki abin da hawan jinin ciki ke jawowa ba. Kumburin ƙafa da fuska, ciwon kai, gani dishi-dishi, idan ya ƙazanta kuma jijjiga, wadda ke ɗauke uwa ko jariri ko su duka biyu. Kusan kowace unguwa a garuruwanmu ta taɓa yin rashin da jijjiga ta jawo.

Wahalar ba ta tsaya nan ba. Tafki ɗaya na jatan lande ma'aikata kaɗan ya ke bukata idan aka gwada da gonar shinkafa, sabo da haka maza da yawa sun tafi ci-rani birnin Khulna da Dakka da wuraren gasa bulo. Mata aka bari da yara da tsofaffi da neman ruwa. Don su sami na cefane, da yawansu kan shiga kogi da koma suna kama 'ya'yan jatan lande suna sayar wa masu tafki, su tsaya sa'o'i cikin ruwan gishiri har iya ƙugu. Jaridu da ƙungiyoyin agaji sun sha ba da labarin ƙuraje da ƙaiƙayi da ciwon mara a tsakanin waɗannan mata, da 'yan matan da ke shan ƙwayar tsarin iyali don su tsayar da al'ada, gudun wanke ƙyalle da ruwan gishiri. Yarinyar da ya kamata ta tafi makaranta kuwa, ita ce ke rakiyar uwa ɗiban ruwa.

Matar da ta ce a'a

Kada ki ɗauka matan wurin sun naɗe hannu. Ran 7 ga watan Nuwamba 1990, a ƙauyen Harinkhola cikin Folda ta 22, gundumar Paikgachha, wani attajiri ya aiko da mutanensa cikin kwale-kwale don su fasa ganuwa su shigo da ruwan gishiri. Talakawa marasa gona, maza da mata, suka fito suka tare su. A gaba akwai wata mata mai suna Karunamoyee Sardar. Aka buɗe musu wuta da bindigogi da bama-bamai, aka kashe ta, wasu da dama suka ji rauni. Amma mutanen folda ɗin, da taimakon wata ƙungiya mai suna Nijera Kori, suka tsaya kan bakansu, aka yi shekara da shekaru ba a shigo da kiwon jatan lande na ruwan gishiri cikinta ba. Masu bincike da suka zo daga baya sun tarar da shinkafa da kayan lambu da shanu da itatuwa a Folda ta 22, alhali filayen da ke kewaye da ita sun yi fari fat. An gina mata abin tunawa a ƙauyen, ana taruwa a wurin ran 7 ga Nuwamba.

Wannan labari ya nuna mana abu guda. Teku ɗaya ce ke kewaye da Folda ta 22 da maƙwabtanta, ɗumamar duniya ma ɗaya ce. Abin da ya bambanta su shi ne wa ke riƙe da ƙofar ganuwa.

Magungunan da a ke gwadawa

Abu na farko da ya kamata ki riƙe shi ne tafasa ruwa ba ya fitar da gishiri. Yana kashe ƙwayoyin cuta, amma gishirin ƙara ƙarfi ma ya ke yi, domin tururi ne ke tashi ya bar shi. Alam da tacewa da ƙyalle su ma laka kawai su ke kwantarwa.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne tarbar ruwan sama daga indararo a tara cikin manyan tankuna. Cikin 2018 aka amince da wani shiri na wajen dala miliyan 33, mafi yawan kuɗin daga asusun duniya na sauyin yanayi, sauran daga gwamnatin ƙasar, aka danƙa shi ga Ma'aikatar Mata da Yara don a sama wa gidajen Khulna da Satkhira tankuna da sana'o'in da gishiri ba zai ɓata ba. Aibin tanki shi ne rani ya fi shi tsawo. Gidan da ke da baki shida, da wuya ruwan damina ya kai su ƙarshen bazara.

Akwai kuma injunan da ke matse ruwa ta cikin wata matata mai tsananin laushi su raba shi da gishiri. Ruwansu yana da kyau, amma suna cin lantarki, kayan gyaransu na da tsada, kuma saye a ke yi. Matar da mijinta ke can ci-rani ba kullum ta ke da na saye ba.

Dabara ta uku ta fi kusa da tushen matsalar. Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da Jami'ar Dakka da ma'aikatar ruwa ta ƙasar sun gwada tace ruwan tafki da na sama ta cikin yashi da damina, a ɗura shi ƙarƙashin ƙasa ta rijiyoyi, ya ture zartsi gefe ya zauna, da rani kuma a jawo shi da famfo. Watau an mai da ƙasa randa, wadda guguwa ba ta iya fasawa. Sai dai tana bukatar mai kula da ita kullum, a wanke yashi, a tara kuɗin gyara. Inda aka kafa aka tafi aka bari, ba ta daɗewa. Ga manoma kuma an fito da irin shinkafa mai jure gishiri.

Duk waɗannan suna rage zafi, amma babu wanda zai maye gurbin ruwan kogi. Ran 12 ga watan Disamba 1996 Indiya da Bangaladash suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ruwan Ganjis a Farakka, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Mayu na kowace shekara. An yi ta ne don shekara 30, watau wa'adinta Disamba 2026. Abin da zai biyo bayanta shi zai faɗi yawan ruwan da zai sauko ta Gorai da rani, shi kuma zai faɗi nisan tafiyar da matar Satkhira za ta yi da tulu. A ganina duk wata magana ta tanki da inji tana bayan wannan, da kuma dokar da za ta hana mai kuɗi huda ganuwa ba da yardar mazauna wurin ba.

Mu fa?

Cikin 2024 masanan hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka suka duba yankunan bakin teku fiye da 60,000 a duniya, suka ce kafin shekara ta 2100 gishiri zai kutsa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa a kashi 77 cikin 100 na waɗannan wurare. Sun ce cikar teku ita ce za ta yaɗa matsalar ko'ina, amma ƙarancin ruwan da ke tsumawa cikin ƙasa shi ne zai fi sa gishirin ya yi nisa.

Zartsin rijiyoyinmu na Arewa daga duwatsu da kanwar ƙasa ya ke, teku ta yi mana nisa. Amma 'yan'uwanmu nawa ne ke zaune a Legas? A can, da ya ke ruwan famfon gwamnati bai wadata ba, kusan duk mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa, kowa yana ja gwargwadon ƙarfin injinsa. A unguwannin da ke tsakanin teku da ƙorama, irin su Lekki da Tsibirin Biktoriya, rijiyoyi marasa zurfi sun sha fitar da zartsi, har gidaje da yawa sai ruwan tanka su ke saye. Lissafin nan na ƙafa 1 da ƙafa 40 bai san Bangaladash ba, bai san Nijeriya ba.

Sabo da haka, ke da ke zaune a garin bakin teku, idan kin ji ɗanɗanon rijiyarku ya fara sākewa da rani, kada ki ce ai tafasawa za ki yi. Ki gaya wa maigida a kai ruwan a auna, a kuma sanar da hukumar ruwa, domin rijiyar maƙwabta ma tana kan hanya. Idan kina tarbar ruwan sama, ki bari na farko ya wanke kwano ya zube, ki rufe tanki sosai. Idan kina da ciki, kada ki yi wasa da zuwa awo, a riƙa auna jininki, ki kuma faɗa wa ungozoma irin ruwan da ki ke sha. Idan kuma an kira taron unguwa kan maganar rijiya ko famfo, a tura mata su zauna a ciki, domin harshen mai ɗiban ruwa ne ke fara jin gishiri tun kafin injiniya ya zo da na'urarsa.

Allah ya ba matan Bangaladash mafita, mu kuma ya kiyashe mu. Sai mun sadu a fili na gaba.